Rabon jini a jiki lokacin motsa jiki, da abin da zafin Garwa ke ƙarawa a kai

Jinin da ke jikin baligi mai matsakaicin girma wajen lita 5 ne, kuma wannan adadi ba ya ƙaruwa don mutum ya tashi da gudu, ko ya saɓi buhun masara, ko ya shiga fili buga ƙwallo. Abin da ke canzawa shi ne saurin da jinin ke zagayawa da kuma inda ake tura shi. Idan mutum yana zaune, zuciyarsa takan tura kusan lita 5 a kowane minti, wato kusan dukan jininsa yakan kewaya jiki sau ɗaya a minti guda. Idan saurayi mai lafiya ya ba da iya ƙarfinsa, abin yakan kai lita 20 zuwa 25 a minti, ƙwararrun 'yan tseren dogon zango kuwa sukan haura lita 30. Bugun zuciya yakan tashi daga wajen 70 a minti zuwa kusan 200 ga matashi, sannan abin da take fitarwa a kowane bugu ya ƙaru daga mililita 70 zuwa sama da 100. Wannan sashe kowa ya san shi ko da bai san lissafin ba, domin ƙirji da kansa yake ba da labari. Sashen da ba a faye magana a kansa ba shi ne rabon, kuma a ganina can ne abin lura yake.

A lokacin hutu, tsokokin jiki gaba ɗaya, duk da cewa su ne suka fi kowace gaɓa nauyi, ba sa samun fiye da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na jinin da zuciya ke fitarwa. Hanta da hanji da sauran kayan ciki suna ɗaukar kusan kashi 25, ƙoda biyu da ba su kai rabin kilo ba suna ɗaukar kusan kashi 20, ƙwaƙwalwa kusan kashi 15, ragowar kuma ya rarrabu tsakanin fata da ita kanta zuciya da ƙashi. Da zarar aiki ya yi tsanani sai wannan tsari ya juya: tsokoki su karɓi kashi 80 zuwa 85, jinin da ke zuwa kayan ciki da ƙoda ya ragu ƙwarai, har yakan iya komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da suka saba samu. Ƙwaƙwalwa ce ba a taɓa rabonta. Wajen mililita 750 a minti take samu a zaune, kuma haka take ci gaba da samu a guje, wani lokaci ma da ɗan ƙari.

Inda ake yin wannan rabo ba a zuciya ba ne, domin ita turawa kawai take yi cikin babbar jijiya guda. Ana yin sa ne a ƙananan jijiyoyin jini da ke shiga kowace gaɓa, waɗanda bangonsu ke naɗe da siririyar tsoka mai iya tsukewa da saki. Wanda ya taɓa tsayawa a lambunan bakin Binuwai da rani ya ga irin wannan aiki: inji ɗaya ne ke zuba ruwa a babbar hanya, amma mai lambu ne ke yawo da fartanya, ya toshe bakin wannan fangali da laka, ya buɗe na wancan, kuma ya san cewa in ya buɗe dukansu a lokaci guda ruwan ba zai kai ƙarshen gona ba. Abin da ya sa ƙaramin canji a faɗin jijiya ke da babban tasiri, wani likita Bafaranshe mai suna Poiseuille ya bayyana shi a shekarun 1840, inda ya nuna cewa idan faɗin siririn bututu ya ninka sau biyu, ruwan da ke bi ta cikinsa ba sau biyu yake ninkawa ba, sau 16 ne. Don haka jijiya ba ta bukatar ta toshe gaba ɗaya kafin gaɓa ta ji an rage mata. Ɗan tsukewa kaɗan ya wadatar.

Umarnin farko daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, kuma yakan riga motsi. Ɗan wasan da ke tsaye yana jiran alƙali ya busa usur, bugun zuciyarsa ya riga ya hau tun bai ɗaga ƙafa ba. Sashen ƙwaƙwalwa da ke ba tsoka umarnin motsi yana aika saƙo a lokaci guda zuwa tushen ƙwaƙwalwa, inda ake kula da zuciya da jijiyoyin jini, abin da August Krogh da Johannes Lindhard suka bayyana a ƙasar Denmak a 1913. Da farko ana sassauta linzamin da ke riƙe zuciya a lokacin hutu, wanda shi kaɗai ya isa ya kai bugunta wajen 100 a minti. Daga nan sai jijiyoyin saƙo masu zaburar da jiki su karɓi aiki, su ƙara wa zuciya sauri da ƙarfi, su tsuke jijiyoyin jini na hanji da hanta da ƙoda da na tsokokin da ba sa aiki, yayin da ƙullutun da ke saman ƙoda ke zuba sinadarin adirenalin cikin jini.

A nan akwai tambayar da ta daɗe tana damun masana. Saƙon tsukewa ba ya zaɓe, ko'ina yake zuwa, har da cinyar da ke gudu. To yaya ita cinyar ke samun ƙarin jini? Amsar ita ce tsokar da ke aiki da kanta take buɗe wa kanta hanya. Tana cinye iskar oksijin, tana fitar da iskar kabon dayoksaid da fotasiyam da adenosin da sinadarai masu tsami, kuma waɗannan duka suna sa siririyar tsokar bangon jijiya ta saki. Shi ma bangon ciki na jijiyar, idan ya ji jini na gogar sa da sauri, yakan fitar da iskar naitirik oksayid wadda ke ƙara buɗe ta, kuma gano aikin wannan iska ne ya ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998. Waɗannan sinadarai suna dusashe umarnin da ya zo daga sama a daidai wurin da ake aiki, su bar shi da ƙarfinsa a inda ba a yi. Sakamakon haka ne rabon ke zama daidai da bukata ba tare da ƙwaƙwalwa ta san kowace tsoka da abin da take yi ba: mai daka a turmi jini na kwarara zuwa kafaɗunta da damatsanta, mai taka keke kuma zuwa cinyoyinsa, alhali umarnin da ya fito daga sama iri ɗaya ne. Bayan haka tsokar tana ƙara tatsar jinin da ya iso mata. A zaune jiki yakan cire kusan kashi 25 cikin ɗari na oksijin da ke cikin jini ya mayar da sauran, a tsananin aiki kuwa yakan cire sama da kashi 75.

Tsoka kuma tana mayar da rahoto. A 1937, a Alƙahira, wasu masu bincike biyu, Alam da Smirk, sun ɗaure wa mutane irin maɗaurin da ake awon jini da shi, suka hura shi har jini ya daina fita daga hannu, suka sa su motsa hannun har ya gaji. Bayan an daina motsin, matsin jinin mutanen, wanda ya hau lokacin motsin, bai sauka ba muddin maɗaurin na nan a hure, amma ana kwance shi sai ya sauka. Wannan ya nuna cewa sinadaran da suka taru a tsoka suna taɓa wasu jijiyoyin saƙo da ke sanar da tushen ƙwaƙwalwa cewa jinin da ke zuwa bai isa ba, ita kuma ta ɗaga matsin jini don ta tura ƙari.

Da za a tsaya a nan, sai a ɗauka cewa duk tsarin an yi shi ne don a ƙosar da tsoka. Ba haka ba ne, kuma wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. A 1985 Andersen da Saltin sun auna jinin da ke shiga tsokar gaban cinya idan ita kaɗai ke aiki, suka tarar tana iya karɓar kusan lita biyu da rabi a minti ga kowane kilo na nauyinta. Sai a yi lissafi: mai gudu ko mai kokawa yana iya sa kilo 15 ko 20 na tsoka aiki a lokaci guda, wanda zai bukaci kusan lita 38 zuwa 50 a minti, alhali zuciyarsa ba ta wuce 25. Da jiki zai bar kowace tsoka ta buɗe iya buɗewarta, da matsin jini ya faɗi nan take, jini ya kasa hawa zuwa kai, mutum ya zube. Saboda haka ko tsokar da ke tsakiyar aiki ba a sakar mata gaba ɗaya. A gefen wuya, inda jijiyar da ke kai jini ga ƙwaƙwalwa ta rabu biyu, da kuma a lanƙwasar babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, akwai wasu ma'aunai da ke jin matsin jini a kowane bugu. Idan suka ji ya fara yin ƙasa da matakin da aikin ke bukata, sai a ƙara tsuke jijiyoyi har da na tsokar da ke aiki. Abin da jiki ke karewa kafin komai shi ne matsin da zai kai jini ƙwaƙwalwa, gudu da ƙarfi suna biyo baya ne. Shi ya sa lambar sama ta awon jini takan tashi zuwa 180 ko 200 a lokacin gudu ga mai lafiya, ta ƙasa kuwa kusan ba ta motsi.

Zuciya ba za ta iya tura abin da bai dawo mata ba, don haka dawowar jini rabin aikin ne. A zaune, kusan kashi biyu cikin uku na jinin mutum yana kwance ne a jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, kuma a cikinsu akwai 'yan marufai da ke barin jini ya wuce gaba su hana shi komawa baya. Gani ya kori ji: a saki hannu ƙasa har jijiyoyin bayan hannu su kumbura, a danne ɗaya da yatsa a kusa da 'yan yatsu, a sa wani yatsa a shafe jinin zuwa wajen wuyan hannu, sannan a ɗaga na biyun. Jijiyar za ta zauna a shafe, jini ba zai dawo cikinta daga sama ba, sai an ɗaga yatsan farko ta sake cika daga ƙasa. Da irin wannan gwaji a dantse William Harvey ya kafa hujja a littafinsa na 1628 cewa jini zagaye yake yi, bayan Ibnun Nafis ya riga ya bayyana bin jini ta huhu tun ƙarni na 13. Idan mutum na tafiya ko gudu, duk lokacin da sha-raɓa ta ɗaure sai ta matse waɗannan jijiyoyi ta tura jini sama, marufan su riƙe shi, numfashi mai zurfi kuma ya ƙara jawo shi zuwa ƙirji.

Amfanin sanin wannan yana bayyana ne a bakin fili. Yaro ya gama zagayen gudu da yamma, ya ja burki ya tsaya cak, hannu a ƙugu, ba a jima ba sai fuskarsa ta canza, ya ce yana ganin duhu-duhu. Jijiyoyin ƙafafunsa har yanzu a buɗe suke, amma tsokar da ke matso jini sama ta daina aiki, jini ya taru a ƙafa, abin da ke komawa zuciya ya ragu, kai ya rasa rabonsa. Tsofaffin masu horarwa da ba su taɓa buɗe littafin likitanci ba sun san maganin, za ka ji ɗayansu na cewa, "Kai yaro, kada ka tsaya, ci gaba da takawa a hankali." In kuwa har ya faɗi, kuskuren da na fi gani shi ne a taru a tayar da shi zaune ana yi masa fifita. Abin da ya dace shi ne a bar shi a kwance a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa sama da ƙirjinsa, kuma mafi yawa sukan dawo hayyacinsu cikin ɗan lokaci.

Duk alƙaluman da na ambata a sama an same su ne galibi a ɗakunan gwaji masu sanyi na Turai da Amurka. A Garwa da Marwa da Kusiri da ke arewacin Kamaru, haka ma a Njamena ta ƙasar Chadi, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, akwai mai neman rabo na uku, wato fata. Tsoka ba ta mayar da abinci ya zama motsi sai kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, sauran duk zafi yake zama, kuma jini ne ke kwaso wannan zafi daga ciki ya kai shi fata. Fatar da a sanyi ba ta karɓar ko rabin lita a minti, a tsananin zafi tana iya neman lita 7. Idan iskar gari ta fi fata zafi, hanya ɗaya ce ta rage ta fitar da zafin, wato bushewar gumi, kuma gumin daga ruwan jini ake ɗebo shi. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da lita 1 zuwa 2 a sa'a guda. Ga tsoka na nema, ga fata na nema, ga jinin da ake rabawa yana raguwa. Abin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu sai ya fara sauka, ita kuma ta ƙara sauri don ta cike giɓin, shi ya sa mutum zai ga bugun zuciyarsa na ta hawa alhali bai ƙara sauri ba. Farkon bazara, lokacin da hadari ke haɗuwa ruwa bai sauka ba, ya fi tsakiyar rani wahala ta wannan fuska, domin iska mai laima ba ta barin gumi ya bushe, sai dai ya tsiyaye a banza.

Idan aka kai inda ba za a iya biyan kowa ba, jiki yakan bi ƙa'idarsa ta kare matsin jini, ya taƙaita abin da yake ba fata. Daga nan zafin ciki ke taruwa. In ya haura digiri 40 kuma mutum ya fara ruɗewa, yana magana ba kan gado, ko yana tangaɗi, ko ya suma bai farfaɗo da wuri ba, wannan ba jirin tsayawa ba ne, kuma ɗaga ƙafa kaɗai ba zai yi ba. Sai an sanyaya shi nan take, a jiƙe shi sharkaf da ruwa mafi sanyi da ake da shi, a ci gaba da fifita, a nufi asibiti ana yi. Hutun shan ruwa da ake bayarwa a wasan ƙwallo idan zafi ya yi yawa, wanda gasar kofin duniya ta fara amfani da shi a hukumance a 2014 a Brazil, saboda wannan aka yi shi, kuma ban ga dalilin da zai hana wasannin unguwa su ɗauke shi ba.

Waɗanda aka rage wa rabo ma suna da nasu koken. Wanda ya cika ciki da tuwo ya shiga fili ya haɗa bukatu biyu da ba sa jituwa, domin narkar da abinci na neman jini a hanji a daidai lokacin da ake janye shi, abin da kan jawo nauyin ciki da tashin zuciya. Ƙoda ce ta fi ba ni tsoro, saboda ba ta kuka da wuri. Ɗan dakon da ke sauke buhuna a kasuwa tun hantsi har la'asar, ko mai cirar auduga, ko mai tura kurar ruwa, ƙodarsa takan wuni da ragaggen jini, alamar da ake gani kuwa ita ce fitsari kaɗan mai duhu. A wannan hali ƙoda tana dogara ne da wasu sinadarai nata da ke riƙe jijiyoyinta a buɗe, kuma su ne magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ke hanawa. Mutum ya wuni a rana bai sha isasshen ruwa ba, da yamma ya saya wajen mai tallar magani ya haɗiya don gajiya, ya ƙara rufe hanyar da ta rage. A ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka an ga ciwon ƙoda ya yawaita tsakanin masu saran rake, kuma aiki cikin zafi da ƙarancin ruwa na cikin manyan abubuwan da masu bincike ke dangantawa da shi. Haka nan a shekarun da azumi ya yi ta faɗowa cikin Maris da Afrilu, ƙwallon bayan la'asar da samari ke bugawa don rage lokaci ta zo ne a sa'ar da ruwan jiki ya fi ƙaranci. Ra'ayina shi ne a mayar da ita bayan an sha ruwa abinci ya faɗa.

Jiki yana sabawa, kuma sabon yana da ma'auni. Wanda ya yi mako ɗaya zuwa biyu yana motsa jiki a zafi, ruwan jininsa yakan ƙaru da wajen kashi 10 cikin ɗari ko fiye, gumi ya riƙa zuwa da wuri kuma da ƙarancin gishiri, bugun zuciya ya sauka a kan aiki iri ɗaya. Wannan na cikin dalilan da ke sa ƙungiyar da ta taso daga kudu ta sauka yau ta buga da Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon Garwa, gobe take shan wuya a rabin lokaci na biyu. Horo na watanni kuma yana ƙara girman abin da zuciya ke fitarwa a bugu ɗaya, ya ƙara yawan siraran jijiyoyi a cikin tsoka. Ƙarancin jini yana yin akasin haka: wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro, ko macen da ba ta daɗe da haihuwa ba, kowace lita ta jininsu tana ɗauke da oksijin ƙasa da yadda ya kamata, don haka zuciya sai ta tura lita da yawa don aikin da bai taka kara ya karya ba.

Saura ita kanta zuciya, wadda tsoka ce ita ma, kuma halinta ya bambanta da na sauran. Tun a zaune tana cire kusan kashi 70 cikin ɗari na oksijin da ke cikin jinin da ke ciyar da ita, don haka ba ta da sauran abin tatsa idan aiki ya ƙaru, dole jinin da ke zuwa mata ya ninka sau huɗu ko biyar, daga wajen mililita 250 zuwa kusan lita 1 a minti. Ƙari a kan haka, yawancin wannan jini yana shiga ne a ɗan tsakanin da take saki bayan kowane bugu, kuma wannan tsakani shi ke gajarta idan bugu ya yi sauri. Jijiyar da kitse ya rage wa faɗi tana iya wadatar da zuciya a zaune shekara da shekaru ba a sani ba, sai ranar da aka nemi ninki biyar ta gaza. Magidantan da ke haɗuwa buga ƙwallo safiyar Asabar da Lahadi bayan sun yi mako a zaune a shago ko ofis su ne wannan ya fi shafa, musamman masu hawan jini ko ciwon sukari ko masu shan taba. Idan ɗayansu ya ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ke zuwa da gudu ya lafa da hutu, ko yana sauka zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, ya bar fili a ranar, kuma kada ya koma sai likita ya duba shi.